KIWO DA LAFIYAR DABBOBI: Abin Da Wuƙar Mahauci Ba Ta Gani

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a bakin masu kiwo na ƙasar Yola, tun daga Malkohi har kasuwar shanu ta Ngurore. Tambayar kuwa ita ce: yaya aka yi allura guda, daga kwalba guda, ta tashi saniyar wane, amma da aka yi wa akuyar maƙwabcinsa sai ta mutu bayan kwana uku? Waɗansu sukan ce maganin jabu ne, waɗansu su ce baki ne ya kama garken. Jabun magani kam akwai shi a kasuwa, ba mai musu. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, sai dai an aike shi ne inda ba shi da aikin yi. Kafin mu gane yadda haka ke faruwa kuwa, tilas ne mu sauka ƙasa da inda ido yake iya kaiwa, mu ga da me aka gina jikin dabba.

Ban ambaci Malkohi a banza ba. Tun daga shekarar 2014 wannan ƙauye na Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu ya karɓi jama'a masu yawa da rikicin Boko Haram ya kora daga Gwoza da Madagali da sauran garuruwan wannan sashe, da yawansu kuwa sun baro dukiyarsu a baya. Mai shanu 200 idan ya rasa guda, akan ce masa Allah ya mayar da alheri, ya ci gaba da harkarsa. Amma matar da ta sake kafa gida da awaki uku, su ne kuɗin makarantar yara, su ne na asibiti, ita ba ta da sararin yin gwaji da allura. Irinta ne suka fi bukatar wannan ilmi, ko da yake an saba ɗaukarsa abin ɗaliban jami'a kaɗai.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayankar Jimeta da sassafe ya ga yadda mahauci yake aiki. Ba ya yanka a makance. Ya san inda tsoka ta ƙare kitse ya soma, ya san jijiya da guringuntsi da ɓargo, ya san tantanin da ya lulluɓe hanji, kuma wuƙarsa tana bin tsakanin waɗannan abubuwa kamar mai bin hanyar da ya saba. Wannan sani ba ƙarami ba ne. Wani likita Bafaranshe mai suna Bichat, wajen shekarar 1800, da irin wannan ido da irin wannan wuƙa ya yi aikinsa, ba tare da madubin likita ba. Ya lura cewa gaɓoɓin jiki, ko da sun sha bamban a siffa, da kayan gini iri ɗaya aka yi su, kamar yadda ake samun zare iri ɗaya a riga da wando da hula. Ya ƙidaya iri 21, ya kira su da kalmar Faransanci mai ma'anar abin da aka saƙa. Mu ma a wannan fili sai mu kira su saƙar jiki.

Masanan da suka biyo bayansa sun tattara waɗannan iri 21 suka mayar da su gida huɗu. Akwai saƙar rufi, watau shimfiɗar da ta rufe bayan jiki da cikin baki da hanji da hanyar numfashi, ita ce kuma ke yin nono a cikin hantsa. Akwai tsoka, mai motsa ƙafa da tumbi da zuciya. Akwai saƙar saƙo, watau ƙwaƙwalwa da laka da zaruruwan da ke kai umarni ko'ina a jiki. Ta huɗun ita ce saƙar haɗi, wadda ta fi kowace faɗi, domin ƙashi da guringuntsi da kitsen tozo da jijiyar agara duk nata ne, har ma da jini, ko da yake shi ruwa ne. Fatar da dukawa suke jema su yi takalmi, ita ma saƙar haɗi ce, bayan an kankare gashi da rufin sama.

To, idan jiki saƙa ne, mene ne zarensa? Nan ne wuƙar mahauci ta tsaya, madubin likita ya karɓa. A shekarar 1665 wani Bature na Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon wani itace siriri ya duba a madubi, ya ga ƙananan ramuka jere kamar ɗakuna, ya kira su sel, watau ɗan ƙaramin ɗaki. Ba da daɗewa ba wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Leeuwenhoek, ya ga ƙwayoyin jini da ƙananan halittu masu iyo a ɗigon ruwa. Amma sai a 1839 ne Bajamushe Theodor Schwann ya bayyana cewa jikin dabba gaba ɗaya, daga kofato zuwa ƙaho, da irin waɗannan ɗakuna aka gina shi. Su ne muke kira ƙwayoyin halitta. A 1858 kuma wani Bajamushen, Rudolf Virchow, ya ɗora magana mai nauyi a kai: kowace ƙwayar halitta daga wata ƙwayar ta fito, kuma cuta, kowace iri ce, a cikin ƙwayar halitta take yin ɓarnarta. A kan wannan magana aikin likitan dabbobi na yau ya tsaya.

Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Jajayen ƙwayoyin jinin saniya, sai an jera kusan 200 kafin su cika tsawon milimita guda, na akuya kuwa sun fi haka ƙanƙanta. Duk da haka akwai ƙwayar halitta guda da kowa ya taɓa riƙewa a hannu, ita ce gwaiduwar ƙwan kaza.

Idan mai karatu yana son ya ga siffarta a zuci, ya ɗauke ta kamar gida irin namu. Tana da katanga, wani tantani ne siriri ƙwarai na mai da furotin, mai ƙofofi da masu tsaro, shi ke zaɓar abin da zai shiga da abin da zai fita, ruwa ne ko gishiri ko sukari. A tsakar gida akwai murahu inda ake ƙona abinci da iskar numfashi a sami ƙarfi, shi ya sa tsokar zuciya, wadda ba ta hutu, take cike da su. Akwai kuma maƙeru, dubbai, inda ake ƙera furotin da jiki ke bukata. Mai karatu ya riƙe maƙerun nan a ransa, za mu komo kansu. Can ciki kuwa akwai turaka, ita ce cibiyar ƙwayar, inda aka ajiye kundin gado, rubutaccen umarnin da ya sa ɗan Gudali ya fito Gudali, ɗan Bunaji ya fito fari da baƙin kunne.

Kundin nan a naɗe yake cikin zaruruwa, kowace dabba da adadinta. Saniya tana da 60, akuya 60, tunkiya 54, kaza 78, mu 'yan Adam 46. Doki yana da 64, jaki 62, saboda haka alfadari da ya fito tsakaninsu ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. Asirin rashin haihuwar alfadari ke nan, abin da kakanninmu suka lura da shi tun kafin a ƙera madubi. Abin mamaki kuma, bijimi duk girmansa daga ƙwaya guda ya faro, ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, har aka kai adadin da ba ya lissafuwa. Dukansu kundi ɗaya suke ɗauke da shi, sai dai ta hanta tana karanta shafinta, ta ido tana karanta nata.

Yanzu mu komo ga allura. Abokan gabar da ke shiga jikin dabba ba jinsi ɗaya ba ne, bambancinsu kuwa a ginin jikinsu yake. Bakteriya ƙwayar halitta ce mai zaman kanta, ƙarama ƙwarai, ba ta da turaka, amma galibi tana da ganuwa mai tauri a bayan tantaninta, abin da ƙwayar dabba ba ta da shi. Maƙerunta ma ba irin na dabba ba ne. A kan waɗannan bambance-bambance magani yake aiki. Fenisilin ganuwar yake hana ginawa, sai bakteriyar ta fashe, ƙwayar saniya kuwa ba abin da ya same ta tun da ba ta da ganuwa. Allurar nan mai launin zuma da makiyaya suka fi sani da sunan Terramycin, maƙerun bakteriya take toshewa. Saboda haka idan ciwon na bakteriya ne, kamar ruɓar kofato ko kirci, kuma aka yi allurar da wuri bisa ƙa'ida, sai a ga dabba ta tashi.

Bairus kuwa dabam yake. Shi ba ƙwayar halitta ba ne ma sam. Ba shi da murhu, ba shi da maƙera, ba shi da ganuwa irin ta bakteriya. Ɗan guntun rubutu ne a cikin kwanso. Idan ya sami ƙofar da ta dace da shi a tantanin ƙwayar dabba sai ya kutsa, ya miƙa wa maƙerun gidan nasa umarnin, su bar aikinsu su shiga ƙera irinsa, har gidan ya rushe dubbansa su fito su nufi maƙwabta. To, ina fenisilin zai sami ganuwar da zai rushe? Ina Terramycin zai sami maƙerar da zai toshe, alhali maƙerar ta akuyar ce da kanta? Ciwon baki da kofato da Fulani ke kira boru, da haukan kare, da annobar da ke share kaji lokacin hunturu, da annobar awaki da tumaki mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, wadda likitoci ke kira PPR, duk aikin bairus ne. Yi musu waccan allura, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wani zai ce ai ya taɓa yi wa akuya mai wannan ciwo allura ta warke. Gaskiyarsa, amma ga yadda abin yake. Bairus ɗin PPR saƙar rufi yake ci, ta baki da ta hanji da ta huhu, ya kuma karya fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bakteriyar da a da take zaune lafiya a hanci sai ta gangara huhu ta haddasa namoniya. Idan likita ya ba da allura a nan, ƙadangaren yake kora, bairus ɗin kuwa jikin akuyar ne zai yi yaƙi da shi, ya ci ko a ci shi. Sau da yawa ma abin da ke ƙarasa 'yan awaki ƙarewar ruwan jiki ne, domin rufin hanji da ke tsotse ruwa ya saɓule. Ruwa mai tsabta da ɗan gishiri da sukari, ana ɗura mata kaɗan kaɗan, da inuwa, da ware ta daga sauran, sukan yi mata amfanin da allura ta biyu da ta uku ba za su yi ba. Rufin hanji yakan sabunta kansa cikin 'yan kwanaki, in dai dabbar ta rayu ta kai lokacin.

Sammore kuma wani gida ne na uku. Abin da ƙudan tsando ke zubawa a jini halitta ce mai ƙwaya guda, amma mai turaka irin ta dabba, maganinta dabam ne, irin su Berenil da Samorin. Ciwon huhu na shanu shi ma yana da tasa dabarar. Mai kawo shi bakteriya ce, amma marar ganuwa, saboda haka fenisilin ba ya taɓa ta. Terramycin yakan kwantar da tari, sai dai jiki yakan kewaye ruɓaɓɓen sashen huhun da saƙar haɗi, cutar tana raye a ciki, saniyar ta yi ƙiba a kai ta kasuwa, ta je ta zuba wa wani garken. A ganina wannan ya fi mutuwar saniyar muni, domin asarar mutum guda ta zama ta gari.

Idan bairus ba ya jin allurar magani, da me ake kama shi? Amsar tana cikin labarin bushiya, wadda dattawan makiyaya ba su manta ba. Ta shigo Afirka a 1887 ta bakin Bahar Maliya, cikin 'yan shekaru ta iso ƙasashenmu ta share mafi yawan shanu. Yaƙi da ita yana cikin manyan dalilan kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a 1924. An yi ta gwada rigakafi iri iri, waɗansu a jikin awaki ake renonsu, amma sukan kwantar da shanu, wani lokaci har su kashe. Wani likitan dabbobi na Ingila, Walter Plowright, wanda ya yi aiki a Vom kafin ya koma Muguga ta ƙasar Kenya a 1956, shi ya bi wata hanya. Ya ɗebi ƙwayoyin halitta daga ƙodar ɗan maraƙi ya rene su a cikin kwalba, suna raye suna rabuwa, ya zuba musu bairus ɗin, ya yi ta juya shi daga kwalba zuwa kwalba kimanin sau 90. Bairus ɗin ya saba da zaman kwalba har ya rasa kaifinsa. Idan aka sa shi a jikin saniya ba ya kwantar da ita, amma fararen ƙwayoyin jininta sukan gane fuskarsa, su riƙe har iyakar ranta.

An yi taro a Kano a 1961 aka tsara gangamin rigakafi na haɗin gwiwa, aka fara shi a 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Da aka ga cutar ta lafa sai aka yi sakaci, ta komo da ƙarfi a 1983, lokacin Yola tana babban birnin Jihar Gongola, ta yi ɓarnar da har yau ake ba da labarinta a ruga. Aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka bayyana cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. PPR ƙanwar bushiya ce, danginsu ɗaya. Rigakafinta da aka fi amfani da shi a duniya kuwa daga bairus ɗin da aka samo a Nijeriya a 1975 aka yi shi, ta wannan hanya ta reno a kwalba, kuma allura guda takan tsare akuya shekara uku ko fiye. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan gamawa da ita.

Sai dai a lura, abin da ke cikin wannan kwalba mai rai ne, raunana shi kawai aka yi. Zafin Yola na watan Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, yana iya kashe shi. Rigakafin da aka ɗauko a aljihu ba ƙanƙara, ko aka dama shi da safe aka yi ta yawo da shi har la'asar, ruwa ne kawai ake tsira wa dabba. Mai kiwo yana da haƙƙin ya dubi akwatin sanyin da aka zo da shi kafin ya kama akuyarsa.

Akwai kuma wani darasi da saƙar jiki take koyarwa, shi ne na lokaci. Ba kowace saƙa ke iya gyara kanta ba. Rufin fata da na hanji suna sabuntawa kullum, ɓargo yana zubo sabon jini, hanta ma tana da ƙoƙari. Amma ƙwayoyin laka da na tsokar zuciya, in sun mutu, da wuya a sami madadinsu. Shi ya sa boru, da manyan shanu kan warke daga gare shi, yakan kashe 'yan maruƙa farat ɗaya, domin a jikinsu har zuciya yake taɓawa. Inda kuwa ɓarna ta yi yawa ko ta daɗe, jiki yakan cike gurbin da saƙar haɗi, watau tabo. Tabo yana toshe rami, amma ba ya yin aikin abin da ya gada.

Mahautan Jimeta sun san wannan a hanta. Shanun da ke kiwo a fadamun Binuwai da gefen tafkin Geriyo, musamman bayan ambaliya irin ta 2012 da ta 2022, sukan haɗiyi 'ya'yan tsutsar hanta a jikin ciyawa, waɗanda suka fito daga ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa. Tsutsar takan ratsa naman hanta ta zauna a hanyoyin ɗaci. A shekara a sake, a shekara a sake, har hanyoyin su yi kauri su yi fari kamar bututu, wuƙa tana ƙara idan ta bi ta kansu. Maganin tsutsa zai kashe tsutsar, amma ba zai mayar da tabo ya koma hanta ba, saniyar kuwa ta dinga ramewa ke nan ko ana ba ta dusa. Haka nonon da ya kumbura aka bar shi mako biyu: ƙwayoyin da ke yin madara sun mutu, tabo ya maye gurbinsu, wannan kan nonon ya tafi ke nan. Kiran likita a lokacin ihu ne bayan hari.

Ma'aikacin da ke duba nama a mayanka, idan ya tsaga kaluluwar huhu ya ga ƙulli mai kama da cuku ya ce a zubar, ba mugunta yake yi wa mai saniya ba. Wannan ƙulli ganuwa ce da fararen ƙwayoyin jini suka gina kewaye da bakteriyar tarin fuka, wadda take kama mutum, musamman ta hanyar madarar da ba a tafasa ba. Maganin allura shi ma ba ya ɓacewa da zarar an zare sirinji. Yakan zauna a tsoka da hanta da ƙoda, yana fita a nono, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalba kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha, wanda ga allura mai dogon aiki yakan kai mako uku zuwa huɗu. Bakteriyar da ta saba haɗuwa da ɗan guntun magani kuwa takan koyi jure masa, ranar da ɗan mutum ya bukace shi a asibiti sai a tarar ya daina ci.

Idan dabba ta mutu ba a san dalili ba, likita yana iya karanta labarin a saƙar jikinta, in an kai masa da wuri. A sanar da ofishin dabbobi mafi kusa a ranar, domin cikin zafinmu ƙwayoyin halitta sukan fara narkewa cikin 'yan sa'o'i, kashegari ba abin da madubi zai nuna sai ruɓa. Amma dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta, kada a ci. Yana yiwuwa ciwon saifa ne, bakteriyarsa kuwa in ta sha iska takan shiga kwanso ta zauna a ƙasa shekaru da dama tana jiran wani garken, kuma tana kama mai fiɗa da mai ci. A tsare gawar daga karnuka da ungulu har ma'aikata su iso.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga cikin tumbin saniya, mu ga rundunar ƙananan halittun da ke narkar mata da ciyawa, da abin da ke samunsu ranar da ta ɓalle ta ci buhun masara.